Rabin Feddan na Inna Huseina

A Hillat Gwani, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi kudu da Mai Wurno a ƙasar Sudan, ba a taɓa yin mai ilimi irin Izzuddeen ba. Shi ne ya faɗi haka, kuma ya yi ta faɗa har wasu suka fara yarda. Wata uku ya yi a Madani yana koyon kwamfuta a wani ɗaki da ke saman shagon takalma. Ya dawo da takardar shaida mai ruwan zinariya a gefe, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da sunan da ya raɗa wa kansa tun a cikin mota: Bashmuhandis, wato babban injiniya. In ka kira shi Izzu kamar da, sai ya waiga bayansa yana neman wanda ake kira.

Mutum ɗaya ce ba ta daina ce masa Izzu ba, ita ce Inna Huseina, ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta riƙe shi tun yana ɗan shekara huɗu. Gonarta rabin feddan ce, wato kamar rabin eka, tana nan jingine da katangar kulob ɗin ƙauyen. A wannan shekara ta yi kwana arba'in da biyar tana renon irin albasa, sannan ta dasa shi da hannunta, a durƙushe, har gwiwoyinta suka kumbura. Albasar nan ita ce shekararta gaba ɗaya. Sabon dashe kuwa ba ya haƙuri da ƙishi, ba ya kuma son a cika masa ruwa.

Ruwan ƙauyen duka daga injin guda yake fitowa, wanda ke zaune a bakin kogi. Manoma sittin da uku ne ke sha daga gare shi, kowane feddan awa guda. Mai rabon shi ne tsoho Mato, shekara talatin yana yi da sanda da wani littafi da ya sha jiki. Kowa ya rubuta girman gonarsa a littafin nan yadda hannunsa ya ga dama: wani da lambobin Larabci, wani da kalmomi, wani ya ce "biyu da rabi", wani ya ce "nus feddan", wato rabin feddan da Larabci. Mato ba ya ma buɗe littafin sosai, don ya san kowace gona kamar yadda ya san 'ya'yansa.

A kulob ɗin akwai wata kwamfuta da Mahmudu, wani ɗan ƙauyen, ya aiko daga Jidda. Shekara biyu tana lulluɓe da zane, ana ɗora mata faranti na shayi. Ranar da kwamitin ruwa ya zauna, Izzuddeen ya shigo ba a kira shi ba, ya yaye zanen, ya busa ƙura a fuskar dattawa.

"Ya jama'a, duniya ta tahi ta bar mu da sanda," in ji shi, yana kallon Mato ta saman tabarau. "Ku ba ni littahin ga mako guda. Zan zuba shi ga jihaz, wagga kwamfuta ke nan, ita za ta raba ruwa, ba son kai, ba mantuwa."

Shugaban kwamiti, Hajj Abdussalami, mutum ne mai faɗin jiki da son sabon abu. Ya ce, "Tana jin Larabci, ya Bashmuhandis?"

"Nan ilimin yake, ya Hajj! Harahin Turawa siriri ne, wuri guda yake zama. Namu mai hwaɗi ne, wurin mutum biyu yake ci, kamar yadda kake yi cikin motar Sinnar." Aka yi dariya, Hajj ma ya yi, don ya ɗauka yabo ne. "To akwai wani umarni da ni kaɗai na iya a wanga yanki. Ka ba shi rubutu mai hwaɗin haruhwa, ya maida maka shi lamba, har da ɗigo, har da abin da ke bayan ɗigo."

Mato ya ce, "Ta san gonar Jibril tudu ta, tana shan ruwa hiye da ta kowa?"

"Baba Mato, jihaz ba ta san tudu ba. Ta san ilimi."

Nan take aka yanke shawara. Aka karɓi littafi daga hannun Mato, aka kuma ja kunnen Jibril mai kula da injin ruwa cewa daga yau abin da takarda ta ce shi zai yi, in ya ƙara minti guda ko ya rage, to ya bar aiki. Jibril mutum ne da in ka ce masa ya tsaya nan, gobe a nan za ka same shi. Ya ce, "Tamam," wato ya ji ya yarda. Mato ya ɗauki sandarsa ya koma gindin dalbejiya ya zauna.

Umarnin nan da Izzuddeen ke taƙama da shi yana da hali guda, kuma duk wanda ya koyi aikin ya san shi. Yana fara karanta rubutu daga farko, da ya ci karo da abin da bai gane ba sai ya tsaya cak, ya miƙo maka abin da ya samu. In bai samu komai ba, ya miƙo maka sifiri, ba tare da ya ce maka an yi ɓarna ba. Amma yakan nuna inda ya tsaya, don mai hankali ya duba. Malaminsu na Madani ya yi darasi guda cur a kan wannan dubawar. A ranar Izzuddeen yana kasuwa yana gwada tabarau.

Bayan mako guda aka liƙa takarda a ƙofar kulob. Manoma arba'in da ɗaya suka tarar gonakinsu sun zama sifiri, domin duk wanda ya rubuta da lambobin Larabci, umarnin ya dube shi ya ce bai san shi ba.

"Ya zol, bawan Allah, gonata ta ɓace?" in ji Mukhtar mai feddan huɗu. "Jiya da marece na baro ta nan!"

"Ni kau an ce ba ni da komi," in ji wani manomi, "to wa ya ci masarar da na noma bara?"

Izzuddeen ya hau kan benci ya ɗaga hannu. "Jihaz ba ta kuskure! Rubutunku ne na ƙauye. Ku ba ni kwana biyu in maida shi lambobin Turawa."

Daga gindin dalbejiya Mato ya ce, "Ashe ita ma sai an yi mata tahinta."

Takarda ta biyu ta fi ta farko kyan gani, sai dai duk mai "biyu da rabi" ya koma mai biyu, mai "uku da rabi" ya koma mai uku. Umarnin yana isa kan "da" sai ya ja birki. Waɗanda kuma suka fara da kalma kafin lamba suna nan a sifirinsu. A cikinsu har da Inna Huseina, wadda aka rubuta mata "nus feddan". Wannan karon ba a jira ba, Hajj ya ce a fara aiki da takarda, a gyara saura a hanya. Ranar Litinin layi ya zo kan Inna, Jibril ya duba, ya ga sifiri, ya tsallake ta ya buɗe wa na gaba.

Da azahar Izzuddeen ya shigo gida yana fito. Inna ta ajiye masa kwanon kisra, siririyar wainar dawa da suke ci kullum, a rufe, ta koma gefe ta zauna. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya buɗe. Kwanon fes, ko ɗigon miya babu.

"Inna, mi ne ne haka?"

"Rabin kisra na zuba maka."

"Ba komi ciki!"

"To haka injinka ya karanta min nawa rabin." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Tahi ka ga albasata, Izzu. Ta kwanta. In ta kai Juma'a ba ruwa, kwana arba'in da biyar ɗina sun tahi."

Ya je ya gani. Dashen ya sunkuyar da kai, bakin ganye ya fara fari. Abin ya dame shi da gaske, domin duk cika bakinsa yana ƙaunar tsohuwar nan. Ya koma ya rantse mata cewa ranar Alhamis ita za a fara ba ruwa, tun da asuba, kafin kowa.

Ya zauna gaban kwamfuta ya fara gyara. "Nus feddan" ya mayar 1/2. "Biyu da rabi" ya mayar 2.5. Ya gyara goma, ya ga saura suna da yawa, ga zafi, ga yunwa. Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke faɗo wa malalaci. Tunda umarnin yana tuntuɓe da abin da ba lamba ba, ai sai a share masa hanya. Ya rubuta layi uku, ya ce duk abin da ba lamba ba ne a share shi kafin a karanta. Tsintsiyar nan kuwa ba ta da zaɓe. Ta share kalmomi, ta share ɗigo, ta share 'yar sandar da ke tsakanin ɗaya da biyu.

Takarda ta uku ta fito. Izzuddeen ya bi ta da yatsa yana neman abu guda, sifiri. Babu ko ɗaya. Ya yi tsalle har tabarau ya faɗi.

Ya kai wa Hajj Abdussalami ya sa hannu. Hajj, kamar kowa, sunansa ya fara nema. Gonarsa ta feddan bakwai da rabi ta zama saba'in da biyar. Ya shafa gemu, ya sake dubawa.

"Masha Allah," in ji shi. "Wagga na'ura ta san darajar mutane." Ya sa hannu bai duba na kowa ba. Ya kuma ce abu ya kai a nuna wa duniya, za a gayyato babban jami'in gona daga Sinnar ranar Alhamis da la'asar, a yi taro a filin kulob.

Alhamis da asuba Jibril ya tada inji, ya buɗe wa Inna Huseina. Ta tsaya ta ga ruwa ya shiga layin farko, ta yi hamdala, ta shafa kan Izzuddeen kamar yana yaro. Daga nan ta hau motar garin Abu Hujar, za ta wurin 'yarta Samira da ta haihu, ta ce za ta dawo da yamma. Rabin awa ruwanta, ta san kafin ta kai titi an rufe.

Ba a rufe ba. A takardar Jibril, gaban sunan Huseina, an rubuta 12.

Da hantsi Mukhtar ya je bakin kogi da gudu. "Jibril, gonar tsohuwa ta cika, rufe!"

"Takarda ta ce awa sha biyu."

"Rabin feddan ce, kai ma ka sani!"

"Ni na sani. Takarda ba ta sani ba. An ce in na rage minti guda in bar aiki."

Kafin azahar Mato da kansa ya taso daga gindin dalbejiya, abin da bai yi ba tun da aka karɓe littafi. Ya iske Izzuddeen a filin kulob yana jera kujeru, sanye da sabuwar jallabiya da rawani wanda ya fi kansa girma.

"Ɗana, albasar innarka ta nutse. Aika a kashe inji."

Izzuddeen ya zaro kwafin takardar daga aljihu, ya duba, ya ga sha biyun nan tana kallonsa. Ya san gonar, a cikinta ya koyi tafiya. Amma ga matasa sun kewaye su, ga Hajj yana tahowa, ga baƙo yana hanya. Kalma guda ta isa a ceci albasar, sai dai kalmar ita ce "na yi kuskure", ita kuwa ba a koya masa ita a Madani ba.

"Baba Mato, ba ka gane ba," in ji shi da ƙarfi don kowa ya ji. "Jihaz ta lissahwa ƙishin da gonar ta sha ran Litinin. Ramuwa take mata. Wanga shi ake ce ma ilimi."

"Ramuwar awa sha biyu?"

"Ƙasa za ta shanye."

Mato ya dube shi, ya dubi katangar, ya ce, "To ka ɗaga kujerun ga bisa." Ya juya ya tafi.

La'asar ta yi, baƙo ya iso da motarsa da takalmansa masu sheƙi. Aka fito da kwamfuta fili aka ɗora a kan tebur, aka jawo mata waya daga cikin kulob. Aka zuba shayi, aka raba zalabiya, wani irin fanke mai zaƙi. Hajj ya yi jawabi ya ce Hillat Gwani ta riga Khartoum. Sannan Bashmuhandis ya miƙe, ya gyara rawani.

"Ya jama'a, da can ruwa yana zuwa ne in tsoho ya tuna. Yau kuwa, albarkacin ilimi, ruwa zai iske kowa har inda yake zaune."

Bai rufe baki ba aka ji wani "ɓul" daga bayan kulob. Kunyar gonar Inna ta fashe, ruwan awa goma ya sami hanya ta gindin katanga. Ya shigo fili a hankali, ja, mai kauri, ya bi ƙarƙashin kujerun baya. Mata suka fara tattare tufafi. Izzuddeen ya gani, ya ƙara murya.

"Wannan gwaji ne! Kowa ya zauna!"

Ba wanda ya zauna. Ruwa ya kai layin gaba, ya shiga takalman baƙo. Baƙon ya ɗaga ƙafa, ya sunkuya, ya tsamo wani ɗan kore da ke yawo, ya duba da kyau, don aikinsa ne.

"Albasa ce wannan. Dashen wa?"

Ba ɗaya ba ce. Ɗaruruwa ne, suna tafe a kan ruwa, saiwa a sama. Wayar kwamfuta ta taɓa ruwa ta yi tartsatsi, jama'a suka watse. Izzuddeen ya finciki na'urar ya ɗora a ka, rawani ya warware ya naɗe masa ƙafa, ya yi taku biyu ya zauna daɓas a cikin laka, na'ura a cinya. Hajj ya hau kujera don ya tsira, kujerar ta nutse da shi har gwiwa.

"A kashe inji!" Hajj ya yi ihu. "Ku gaya ma Jibril!"

Aka ruga, aka dawo. "Ya ce saura awa guda da minti arba'in. Kuma ya ce gobe taka ce, ya Hajj, awa saba'in da biyar, ko zai hwara da sahe?"

Baƙon ya karɓi takardar daga hannun Izzuddeen, ya karanta a tsaye cikin ruwa. Ya haɗa lambobin a ransa, ya ce bisa ga wannan takarda Hillat Gwani ta fi rabin gundumar girma. Ya dubi Hajj ya tambaye shi yaushe ya sayi feddan saba'in da biyar. Hajj ya ce shi ma yau ya fara ji.

"Mato!" Hajj ya kira daga kan kujera. "Ya Mato, don Allah!"

Mato yana tsaye a kan tudu, ƙafarsa a bushe. "Ni ba ni da ilimi, ya Hajj. Sanda gare ni."

"To a zo da sandar!"

Tsoho ya taka zuwa bakin kogi, ya ce wa Jibril kalma biyu, inji ya yi shiru. A cikin shirun nan ne motar Abu Hujar ta tsaya a bakin hanya, Inna Huseina ta sauko da ƙullin dabino na suna. Ta ga fili ya zama tafki. Ta ga abin da ke yawo a kai. Ta ajiye ƙullin, ta shiga ruwan da zanenta, ta tsamo dashe guda, ta riƙe shi a tafin hannu tana kallo. Dariyar da aka fara yi wa Hajj ta mutu. Kowa a wurin ya taɓa ganin tsohuwar nan a durƙushe tana dasa su ɗaya bayan ɗaya.

"Inna," in ji Izzuddeen daga cikin laka, "matsala ce ta ɗigo..."

Ba ta ko dube shi ba. Ta zare takardar daga hannun baƙo, ta ninke, ta soke a haɓar zane, ta wuce gida. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kwana huɗu ba ta ce masa komai ba, abinci kuwa tana zuba masa cike da kwano, shi ne ya kasa ci.

A rana ta biyar ƙasa ta sha iska. Matan ƙauye suka bi gida-gida, kowace ta kawo ragowar irin albasarta, wata damƙi guda, wata biyu, har ya cika kwando. Mato ya karɓi littafinsa, kwamfuta ta koma ƙarƙashin zane da farantin shayi. Da sassafe Inna ta tsaya a ƙofar ɗakin Izzuddeen da kwandon.

"Izzu. Tashi."

Ya fito ba tabarau. Ya karɓi kwando da sauri, don ya ji daɗin ta yi masa magana. A bakin gona ya iske Mato da Mukhtar da wasu manoma suna jira. Ganin mutane sai tsohon halin ya motsa. Ya naɗe hannun riga.

"Kada ki damu, Inna. Rabin feddan ne kawai. Kahin azahar na gama, akwai ma wata sabuwar hanya ta dashe da na gani a Madani..."

"Rabi?" Ta kwance haɓar zane, ta warware takardar, ta nuna masa da yatsa. "Nan an ce sha biyu. Kai ka ce jihaz ba ta kuskure."

"Inna, ai wannan..."

"Tawa za ka hwara. In ka gama, ga Mukhtar, ga duk wanda ka tsallake ma ruwa. Mato ya jera su, za ka yi musu dashe da cirar ciyawa har lissahi ya cika."

Izzuddeen ya dubi layukan gonar, ya dubi gwiwoyinsa, ya durƙusa a cikin laka. Ya dasa na farko a karkace, Inna ta sa ƙafa ta gyara. Ya ɗago kai, murya ƙasa-ƙasa.

"In na gama taki, saura nawa ke nan?"

"Sha ɗaya da rabi," in ji ta. Ta juya za ta tafi, sai ta waigo. "Kuma in ka kai ga rabin nan, Izzu, ka karanta shi."